Mutumin Da Ya Sa Wa Hanyarsa Suna Tuba

 

Yau labarin wani Ba'amurke zan ba ku, sunansa Jeff Lowe. Ba fasto ba ne, ba kuwa mai bishara ba. Sana'arsa hawan ƙanƙara ce, cikin masu wannan sana'a kuwa da wuya a nuna wanda ya fi shi a zamaninsa. Abin da ya sa na kawo shi cikin wannan shiri, wata kalma ce da ya ɗauka ya laƙaba wa hanyar da ya bi a jikin wani dutse a shekara ta 1991. Kalmar tana cikin Sabon Alkawari. Za mu zo kanta.

Da fari dai bari in gaya muku ko mene ne hawan ƙanƙara, gama yawancinmu ƙanƙarar da muka sani ita ce ta cikin firji, sai ko wadda takan zubo tare da ruwan sama ta yi ɓarna a gona. A ƙasashen sanyi, idan hunturu ya kankama, ruwan da ke gangarowa daga kan dutse yakan daskare yadda yake, ya tsaya kamar ginshiƙi, wani tsawonsa ya kai mita ɗari ko fiye. Shi ne mutanen nan suke hawa. Mai hawa yana riƙe da wani ƙarfe mai ƙota a kowane hannu, kamar 'yar ƙaramar diga mai lanƙwasasshen baki. A ƙarƙashin takalmansa an ɗaura ƙayoyin ƙarfe, waɗansu suna duban ƙasa, waɗansu sun miƙo gaba. Sai ya sara da dama, ya sara da hagu, ya harba ƙafa ta kafu, ya miƙe, ya sāke. Kunnensa yana aiki daidai da hannunsa, domin daga ƙarar saran yake gane ko ƙanƙarar za ta riƙe shi. In ta yi taushi daidai, bakin ƙarfen yakan nutse ya zauna. In sanyi ya busar da ita ƙwarai, sai ta ɓare kamar faranti ta faɗo masa a fuska. Jefi-jefi yakan tsaya ya murɗa wani bututun ƙarfe mai haƙora a cikin ƙanƙarar, ya rataya igiyarsa a jiki, abokinsa kuwa yana ƙasa yana sakar masa igiya kaɗan kaɗan, yadda in ya zame zai tare shi. Wanda ya taɓa ganin masu haƙar rijiya ya san yadda rai yake zama a hannun wanda ke riƙe da igiya. Wani abin kuma, dutse yau da gobe yana nan yadda yake, amma ƙanƙarar da ta ɗauke ka da safe tana iya ruɓewa kafin la'asar.

An haifi Jeff Lowe ran 13 ga Satumba 1950 a garin Ogden, cikin jihar Yuta. Su takwas ne a gidansu, ubansu lauya ne mai son duwatsu. Yana ɗan shekara bakwai uban ya hau da shi Grand Teton, dutse mai tsawon kusan mita 4,200. A shekara ta 1974, shi da abokinsa Mike Weis suka hau wata magangarar ruwa da ta daskare kusa da garin Telluride a jihar Kolorado, ana ce da ita Bridal Veil, tsawonta mita 111. Kafin ranar nan ba wanda ya taɓa hawanta. Bayan 'yan shekaru ya koma ya hau ta shi kaɗai, har mujallar wasanni ta Sports Illustrated ta sa hotonsa a bangonta a 1978.

A wannan shekara ta 1978 ne abin da nake so ku riƙe ya faru. Su huɗu suka tafi ƙasar Pakistan, cikin duwatsun Karakoram: Jim Donini, da Michael Kennedy, da George Lowe wanda danginsa ne na jini, da shi Jeff. Dutsen da suka nufa sunansa Latok, tsawonsa mita 7,145. Suka zaɓi wani ƙunya da ke gefensa na arewa, siriri kamar bakin wuƙa, wanda daga gindi zuwa ƙololuwa ya kai mita 2,500, ba kuwa ɗan adam da ya taɓa binsa. Ba su da 'yan dako a sama, ba su kafa igiyoyi daga ƙasa har sama da za su riƙa hawa suna sauka ba. Abin da suka iya ja da ƙarfinsu shi ne guzurinsu. Kullum sai su hau iyakar abin da rana ta ba su, da yamma su sassaƙe ƙanƙara su yi ɗan wurin kwana, kashegari su ci gaba. Mako ɗaya, mako biyu, har aka shiga na uku. Abinci ya soma ƙarewa.

Da suka kusa kaiwa sama sai hadarin dusar ƙanƙara ya rufe su. Suka haƙa rami a cikin dusar suka shige, suka yi kwanaki a ciki. Nan ne Jeff ya kwanta. Zazzaɓi mai tsanani ya kama shi, ga ƙarancin iska irin na wurare masu tsawo, ga yunwa, har ya kai ba ya iya taimakon kansa sosai. Tsakaninsu da ƙololuwar dutsen kuwa bai fi kamar mita 150 ba.

Ku auna wannan da kyau, 'yan'uwa. Mutum ya tara kuɗi, ya ƙetare rabin duniya, ya yi fiye da kwana ashirin yana rarrafe a bakin wuƙa, ga abin da ya zo nema yana kallonsa, nisan bai wuce tsakanin gidanka da bakin titi ba. Ukun nan su ne gwanayen zamaninsu, sun kuwa san abin da suke bari. Suka juya. Suka ɗaura igiya, suka soma sauka gaɓa gaɓa, suna lura da marar lafiyan nan a tsakaninsu, har suka iso gindin dutsen da ransa. Kwana 26 ke nan suka yi a jikinsa. Hausawa sukan ce ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, amma shi rago yana ja ne don ya dawo ya kai karo. Waɗannan huɗu ba su sāke haɗuwa su koma su ƙarasa ba. Sun bar shi ke nan.

Abin mamaki, ƙungiyoyi da yawa na gwanayen duniya sun je bayansu da kayan aiki da suka fi nasu, aka yi shekaru wajen arba'in ba wanda ya kai inda suka tsaya. Har yau masu hawan dutse suna ba da labarin tafiyar nan da girmamawa fiye da tafiye-tafiye masu yawa da aka kai ƙololuwa.

Duk sa'ad da na tuna da ramin dusar nan, sai Markus sura 2 ta zo mini. Kun san labarin. A Kafarnahum gida ya cika maƙil, mutum huɗu suka ɗauko shanyayye a kan shimfiɗarsa, suka rasa ƙofa, suka hau soro suka buɗe rufin, suka zura shi a gaban Yesu. Markus ya rubuta cewa bangaskiyarsu ce Yesu ya gani, wato har da ta masu ɗaukar. Ba a gaya mana sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Shi wanda aka ɗauko bai ce uffan ba a dukan labarin. Aikinsa ɗaya ne, ya yarda a ɗauke shi, a hau da shi soron mutane, a zura shi gaban taro kowa yana kallon rashin ƙarfinsa. Mai ƙarfi ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Jeff ya warke. Shekara guda bayan haka, a 1979, ya hau Ama Dablam a ƙasar Nepal ta wata sabuwar hanya, shi kaɗai. Sunansa ya bazu. Ya rubuta littattafai a kan hawan ƙanƙara, ya ƙirƙiro kayan aiki, ya kafa kamfani ya sa masa suna Latok. Ya shirya gasar hawa ta duniya a Snowbird a 1988, irinta ta farko a Amurka. Amma gwanin dutse ba lalle ne ya zama gwanin kasuwa ba. Kafin ya cika shekara arba'in da ɗaya kasuwancinsa ya karye, bashi ya yi masa katutu, aurensa yana rushewa, ga 'yarsa ƙarama a tsakani.

Cikin wannan hali ne ya tafi ƙasar Suwizalan a watan Fabrairu 1991, ya tsaya a gindin dutsen Eiger, wanda ake faɗa Aiga. Fuskar dutsen ta arewa bango ce mai tsawon mita 1,800, da hunturu rana ba ta ko leƙa ta. Sai a 1938 aka fara hawanta, ta kuwa ci rayuka fiye da sittin, har Jamusawa suka juya sunanta suna ce da ita bangon kisa. Jeff ya ce zai bi ta inda ba wanda ya taɓa bi, a tsakiyar hunturu, shi kaɗai, ba kuma zai huda dutsen ya kafa ƙusoshi ba. Waɗansu abokansa da suka san halin da yake ciki sun ji tsoro, suna zaton mutuwa ya je nema.

A nan dole in faɗi ra'ayina. Ban yaba wa tafiyar nan ba. Mutum mai 'yar ƙaramar yarinya ba shi da ikon ya sa ransa a caca don ya huce haushin duniya. Ubangijinmu da kansa, da aka tsai da shi a kan ƙololuwar Haikali aka ce ya dira, ya ƙi. Da yawa daga cikinmu ba mu da dutsen da za mu gudu mu hau, amma mun san gudun. Wani sai ya tsiri tafiya Legas ba sallama. Wani kwalba. Wani ma aikin ikkilisiya yake fakewa da shi, kowane taro yana nan, kowane kwamiti yana ciki, don kada ya koma gida da wuri ya zauna da matar da ya ɓata wa rai.

Kwana tara ya yi a hawansa na ƙarshe a bangon nan. Wanda ke hawa shi kaɗai da igiya, kowace gaɓa sau uku yake binta. Ya hau ya ɗaure igiya a sama, ya sauko ya kwance ta ƙasa ya cire ƙarafunansa, ya sāke hawa yana jan kaya. Can sama hadari ya tsare shi a wani ɗan kogo, dusar ƙanƙara tana kwararowa ta bakin kogon kamar gari daga buhu, kayan kwanansa sun jiƙe, abincinsa ya kusa ƙarewa. Daga baya ya sha ba da labari cewa a cikin kogon nan wani abu ya same shi wanda ya sāke masa yadda yake duban ransa duka, da abin da ya bari a gida. Da hadari ya lafa ya ci gaba. Ya faɗi sau ɗaya, igiya ta tare shi. Dab da ƙarshe igiyarsa ta ƙare, ya rasa inda zai ɗaure ta, ga wani hadarin yana tahowa. Sai ya kwance ta daga ƙugunsa, ya bar ta can tare da jakar kayansa, ya ƙarasa zuwa kan ƙunyan dutsen hannu wofi. Jirgi mai saukar ungulu ne ya zo ya ɗauke shi daga can. Mutumin da ya ce shi kaɗai zai yi, a ƙarshe a igiyar wani ya sauko.

Al'adar masu hawa ce, wanda ya fara bin hanya shi yake raɗa mata suna. Jeff ya sa wa tasa Metanoia.

Wannan kalmar Helenanci ce, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi. Gaɓa biyu ce. Ta farko tana nuna sākewa, ta biyu kuwa hankali ko tunani. Wato sāke tunani, juyawar zuciya. Ita ce kalmar da take bakin Yahaya Maibaftisma a bakin Kogin Urdun, daga tushenta kuma aka sami kiran da Yesu ya buɗe wa'azinsa da shi a Galili, kamar yadda yake a Markus sura 1. A Littafi Mai Tsarki namu na Hausa an fassara ta da tuba. Ita ma tuba, asalinta daga Larabci ne, ma'anarta a can kuwa komowa. Shi Jeff ya ɗauki kalmar da ma'anar sākewar zuciya ne kurum, ba na kuwa so in sa masa rigar da bai sa wa kansa ba. A wurinmu kalmar ta fi haka nauyi, gama akwai Wanda ake komowa wurinsa. Amma dai ku dubi abin. In ka buɗe littattafan masu hawan dutse a yau, ka duba taswirar bangon kisan nan, za ka ga wani layi ya miƙe ta tsakiya, an rubuta tuba a gefensa.

Mu a nan mun rage wa kalmar nan girma. Yaro ya ga bulala sai ya ce na tuba. Ɓarawo ya shiga hannu sai ya ce na tuba. Ta zama kukan wanda aka kama. A taron farkawa mukan fito gaba da hawaye, abu ne mai kyau kuwa, ban raina shi ba. Sai dai ina so ku lura da abin da jirgin nan ya sauke Jeff a kansa. Da ya taka ƙasa, bashin yana nan ko kwabo bai ragu ba. Auren da ya tsage bai ɗinke kansa ba. Abin da ya gani a kogo bai biya kowa ba, shi ne zai je ya zauna da mutane ɗaya ɗaya. Haka yake a Luka sura 15. Ɗan nan da ya lalatar da gādonsa, hankalinsa ya komo masa a wurin kiwon aladu cikin 'yan kalmomi kaɗan, amma ƙasar da yake mai nisa ce, da ƙafa kuwa zai koma, da yunwarsa, yana maimaita abin da zai faɗa wa ubansa. Kai da ka fito gaba bara, wa ka je ka gani da aka tashi daga sujada? Kuɗin adashen nan fa?

Shekarun da suka biyo baya sun yi masa albarka a sana'a. A 1994, a Vail, ya bi ta ƙarƙashin wani rufin dutse da ƙarafunan ƙanƙara har ya kama wata ƙanƙara da ke reto a sama, daga nan wani sabon salon hawa ya samo asali. A 1996 ya kafa bikin hawan ƙanƙara na garin Ouray, inda ake sakin ruwa daga bututu da dare a bangon kwazazzabo ya daskare, gari ya waye mutane su hau. Har yanzu ana yin bikin kowace shekara.

Wajen shekara ta 2000 sai ya soma tuntuɓe. Mutumin da yake tsayawa a kan tsinin ƙarfe biyu a bango mai santsi, ya zama yana faɗuwa a fili. Likitoci suka yi ta sāke wa ciwon suna. Ciwon jijiyoyi ne mai cin jiki sannu sannu, ba magani. Daga sanda ya koma keken guragu. Muryarsa ta shaƙe har ta tafi, ya koma yana taɓa haruffa a allon na'ura da yatsa, a karanta abin da yake nufi. Wanka, sa tufafi, juyawa a gado, duk sai an yi masa. Wata mata ta tsaya masa shekara da shekaru tana jinyarsa dare da rana. Shekara goma sha takwas ya yi cikin wannan. Waɗanda suka ziyarce shi sun sha faɗin cewa raha ba ta rabu da shi ba, da yatsan nan ma yana zolayar mutane.

A ganina, in akwai inda sunan da ya sa wa hanyar nan ya tabbata, to, a keken nan ne. Kwana tara a bango, ƙarfinsa ne da gwanintarsa suka yi aiki, abin da ya riga ya saba tun yana ɗan shekara bakwai. Amma ka miƙa hannu wani ya sa maka riga, yau da gobe, shekara bayan shekara, ba ka zagi mai sa maka ba, ba ka kuwa tsine wa ranar da aka haife ka ba, wannan sai zuciya ta juya da gaske. Ku da ke kwance kuna jina, na san waɗansunku ciwon bai dame ku kamar kunyar a ɗauke ku ba. Kai ne ka ciyar da gidan nan shekara talatin, yau 'yarka ce take ɗaga ka. Kada ka ture hannunta, baba. Ku kuma masu jinya, zumuntar mata da kuke kai abinci asibiti, da matasan da suke kwana a kan tabarma kusa da gadon tsoho, ku tuna da mutum ukun nan da suka bar mita 150.

A shekara ta 2011, wato bayan shekara ashirin, wani matashi mai hawa, Josh Wharton, ya je saman Eiger ya tarar da jakar nan daskare cikin ƙanƙara inda aka bar ta. Ya sassaƙe ta ya fitar, aka kai wa mai ita a Amurka, lokacin tafiya ta riga ta zama masa aiki. A 2014 aka fitar da fim a kan rayuwarsa mai ɗauke da sunan hanyar. Ita hanyar kuwa ta yi shekara ashirin da biyar ba wanda ya maimaita ta, sai a watan Disamba 2016 gwanaye uku, Thomas Huber da Stephan Siegrist da Roger Schaeli, suka bi ta tare, bayan sun gwada sun koma fiye da sau ɗaya. A 2017 aka ba Jeff lambar Piolet d'Or ta aikin rayuwa, wadda ita ce mafi girma a wurin masu hawan dutse.

A farkon watan Agusta 2018, wasu mutum uku, biyu daga Sulobeniya ɗaya daga Ingila, suka bi yawancin ƙunyan nan na Latok, sa'an nan suka ratse ta gefe suka kai ƙololuwa, su ne na farko da suka kai ta daga arewa. Bayan kamar mako biyu, ran 24 ga Agusta, Jeff Lowe ya rasu a Kolorado yana da shekara 67.